Jirgin da Yaya Ya Sassaƙa da Rimi

Har yau ƙananan jiragen masu koyon tuƙi suna ratsa saman birnin Zariya da hantsi, sai dai na lura ba mai ɗaga kai. Ƙarar babura da ta injinan wuta ta shanye tasu. Na yi aikin rediyo har na yi ritaya, kunne shi ne jarina, saboda haka abin da na fi riƙewa na ƙuruciya sauti ne. A unguwar Kwarbai inda muka taso, gari yana da shirun da kowane sauti ke da lokacinsa. Da asuba guga ne ke dukan ruwa a ƙasan rijiya. Hantsi na luguden mata ne, gida yana amsa wa gida. In rana ta take sai mabuga su karɓa, kana jin saukar itace a kan riga mai shuni tun daga wata unguwa. A cikin wannan shirun, in jirgi ya taso daga wajen gari muna jin sa tun bai ƙetaro ganuwa ba, kuma ko tsohon da ke alwala sai ya dakata da buta a hannu ya bi shi da ido.

Wani abin da ya tafi shi ne rimi. Da, in ka hau ganuwa ka dubi birni, ba rufin kwano za ka gani ba, kawunan rimaye ne, gidajen ƙasa suna fake a ƙarƙashinsu. Manya na cewa rimi adon gari, mu kuwa da aiki muka san shi. In bazara ta yi, 'ya'yansa suka fashe, audugar ta cika iska, sai a miƙa wa kowa buhu a ce ya tsinto ta matashi. Yanzu an sare mafi yawansu, wasu don tsoron kada su faɗa kan gini, wasu don a sami wurin shago. Ganuwar ma an cinye ta a hankali, kowa ya yanki ƙasar gininsa, har akwai wuraren da sai an rantse maka za ka yarda ta taɓa tsayawa a nan. Ba kuka nake da kowa ba. Mutane sun yi yawa, kuma kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Abin da na gani nake faɗa.

Wadda ta tayar min da wannan tunani jikar yayana ce, budurwa mai karatun injiniya, wadda ta kusa gamawa. Yayan nawa ya rasu a daminar da ta wuce. Rannan ta shigo zaure da wani abu a naɗe cikin zane, ta ajiye a gabana.

"Angona, gyara gilashinka ka ga abin da amaryarka ta ƙera."

"Ke da tuwonki ke da gudaji, me za ki ƙera?"

"Ai na ce ka sake ni ka huta, ka ƙi."

Ta yaye zanen. Jirgi ne, fari, tsawon fiffikensa ya kai na hannuwan mutum biyu a miƙe, an yi shi da farin soson nan mai tauri da ake naɗe sabon firji da shi. Batir yake amfani da shi, ba mai, ba hayaƙi. Ta ce shi ne aikinta na kammala karatu, kuma tana son ta gwada shi kafin ta kai wa malamanta, amma ta zaga bayan Ƙofar Kibo ba ta sami fili ba, ko'ina gini ne da wayoyin wuta. Na ɗauke shi. Ban san lokacin da na sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffikensa na ɗaga ba. Ta dube ni ta daina dariya.

"Kaka, wa ya koya maka wannan?"

Tambayar ba ta tsaye ba ce. Wannan rubutun shi ne amsar.

Gidanmu gidan ɗinki ne tun kakanni. Babbar riga muke yi wa aiki, da allura da zaren tsamiya, kuma ɗinkin aska takwas na Babanmu sananne ne har wajen gari. Zaurenmu kullum a cike yake da mutane a zaune, kowa da riga a kan gwiwa, kai a sunkuye, hira tana tafiya ba mai kallon wani. Baba mutum ne mai sauƙin magana, ba ya duka, ba ya ɗaga murya, amma in ya faɗi abu a gaban abokansa ya faɗa ke nan. Idanunsa sun soma gajiya, har ya kan miƙo allura a zura masa zare ba tare da ya ce komai ba. Mu biyu ne maza, Yaya da ni, tazararmu kaɗan ce, kuma kowa ya san ɗaya daga cikinmu ne zai gaji tabarmar nan. Kowa kuma ya san Yaya ne, don shi ne babba, kuma hannunsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce zuciyarsa ba ta cikin zaure. In jirgi ya wuce, allurarsa kan tsaya a cikin yadi har sai ƙarar ta ɓace.

Shi ne ɗan farin Innarmu, kuma a zamaninmu ɗan fari ɗan kunya ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa, ko zazzaɓi yake ba za ta tambaye shi jikinsa a gaban mutane ba. In tana da magana da shi, ni ne hanya. "Ka ce wa wancan abincinsa na sanyi." Matan yanzu suna rungumar 'ya'yansu na fari a bakin titi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma wanda bai zauna cikin waccan kunyar ba ba zai gane yawan son da ke taruwa a bayanta ba, kamar ruwan da aka tare.

Mun zama samari lokacin da Yaya ya haɗu da wani malamin makaranta a Wusasa, Kirista, wanda kowa ke kira Ticha. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa ragowar wani ƙaramin jirgi da ya karye: inji mai girman dunƙulen hannu, da farfela, da akwatin sarrafawa mai doguwar eriya, da 'yan na'urorin da ke zama a cikin jirgin suna karɓar umarni. Gangar jikin ce babu. Ticha ya ce da wani itace marar nauyi ake yin ta, wanda ba a samu a ƙasar nan. Yaya ya juya gutsuren da ya rage a hannunsa, ya danna shi da farce, ya ce, "Ticha, ai wannan ƙanen rimi ne." Ticha ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce to ya je ya gaishe da yayan.

Haka aka soma. Wani reshen rimi da iska ta karya a unguwarmu muka jawo, muka bar shi ya bushe a inuwa. Yaya ya riƙa fere shi da aska, siriri-siriri, yana ɗaga kowane yanki ga hasken rana. Ya jera haƙarƙarin fiffike kamar ƙashin kifi, ya manne da gam, ya lulluɓe da yadi shara-shara, ya ɗinke da hannun nan nasa da ba a ganin sawun allurarsa. Robar cikin tayar keke muka yanka ta ɗaure fiffike da gangar jiki. Man injin kuwa Ticha ne ke haɗawa, sifirit da man zurma, kuma warinsa in ya ƙone har yau ina iya jin sa a hancina. Masu zaure suka sami abin hira. Wani abokin Baba, mai barkwanci, kullum ya shigo sai ya ce, "Ina direban sama? In za ka Makka ka rage min hanya, ko a wutsiya ne zan zauna."

Abin da na fi tunawa shi ne shirin tashi, don Yaya ya mayar da shi kamar alwala, komai da jerinsa, ba a tsallake ɗaya. Sai ya ja kowace roba ya ji ƙarfinta. Sai ya bi wayoyin da suka tafi wutsiya da yatsa. Sai ya kunna akwati kafin ya kunna na cikin jirgi, ya tura 'yar sandar dama ya ga wutsiya ta bi dama, ya ja ta baya ya ga ta ɗaga. Sai ya ɗauki akwatin ya yi ta tafiya har ya zama ɗan ƙarami a idona, ni ina tsugune wajen jirgin, in wutsiya ta motsa in ɗaga hula, don mu tabbata umarni na isowa daga nesa. Sai ya ciro audugar rimi daga aljihu ya sake ta, inda ta nufa ya juya mata baya, don jirgi iska yake fuskanta in zai tashi. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi ɗauka da girma, shi ne awo. Ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, a wani wuri da ya yi wa ɗigo da tawada, ya ɗaga. Dole hancin ya ɗan sunkuya, kamar mai gaisuwa. In ya ɗaga kai, sai a ƙara masa ɗan gutsuren dalma a hanci. Ya kan ce, "Jirgin da hancinsa ya yi nauyi zai tashi da ƙyar. Wanda wutsiyarsa ta yi nauyi zai tashi sau ɗaya."

Kuma ya tashi. A gindin dutsen Kufena, ni da Ticha da wasu Fulani masu kiwo, mun ga itacen rimin Kwarbai ya zaga sama ya dawo ya sauka a kan cikinsa. Ba sau ɗaya ba. Ticha ya ce zai kai Yaya wurin masu koyar da gyaran injin jirgi, yana da wanda zai tsaya masa, in dai Baba ya yarda. Amma a birni, abin da dattijo bai gani ba bai faru ba.

A zaure Yaya ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa. Baba bai ɗago daga rigar da ke gwiwarsa ba.

"Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo."

"Haka ne, Baba. Amma wannan ba faɗowa yake ba, sauka yake."

Abokin nan mai barkwanci ya ce, "Malam, yaron nan ya ba ka amsa. Ka je ka gani mana, mu ma mu samu na ba jikoki labari."

Baba ya ci gaba da aikinsa har ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa, ya ciji zare. "To. Ranar Asabar da hantsi, a bayan Ƙofar Kibo. In ya tashi ya zaga ya dawo hannunka lafiya, na sallame ka, Allah ya yi albarka. In bai yi ba, ga tabarma, kuma kada in sake jin maganar." Mutanen zaure suka shaida.

Ranar Juma'a da la'asar Yaya ya yi duk shirinsa, ya auna, hanci ya sunkuya yadda ake so. Da yake labari ya bazu, yaran unguwa sun yi ta leƙen ɗakinmu na ƙofar gida, sai Inna ta kira ni. "Ka ce wa wancan ya kawo abin nasa ɗakina, kada 'yan banzan nan su karya masa." Ban taɓa jin ta ambaci jirgin ba sai ranar. Na ga fuskar Yaya lokacin da na isar da saƙon. Shi da kansa ya kai shi har bakin ƙofarta, ya ajiye, ya juyo ba su haɗa ido ba.

Da safe muka fita. A lokacin, kana ƙetare ƙofa gonaki ne shimfiɗe, an girbe, sai kututturan dawa. Mun yi zaton mu ne za mu riga kowa, sai muka tarar unguwa ta riga mu, kuma ba mu gama ɗaura fiffike ba sai ga Baba da abokansa cikin manyan riguna. Ba inuwa a wurin, ba abin zama, rana kuwa ta bazara ce. Yaya ya ja robobi, ya gwada wutsiya, ya yi tafiyarsa da akwati, na ɗaga hula. Ya saki auduga. Duk wannan dattawa na tsaye, gumi na bin wuyansu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Samari, ko sai mun je mun yi azahar mun dawo?" Aka yi dariya. Baba bai yi ba, ya dai gyara tsayuwa ya share goshi da hannun riga. Yaya ya dube shi. Saura awo kaɗai, abin da ba ya cin lokacin shan ruwa. Amma ya riga ya auna jiya, kuma a tarbiyyarmu barin uba a tsaye cikin rana ba ƙaramin abu ba ne, balle a gaban abokansa. Sai ya tsugunna ya naɗe yatsa da tsumma ya buga farfela.

Injin ya kama da kukan nan nasa mai tsini. Ni ne mai jefawa. Na ɗaga jirgin sama da kaina, na fuskanci iska, na yi gudu kaɗan na sake. Yana barin tafina na ji bayansa ya ja ƙasa, amma ya riga ya tafi. Ya ɗaga hanci ya miƙe sama kamar mai hawa bango. Mutane suka ɗauki sowa, sun zaci gwaninta ce. Na waiwaya na ga Yaya ya tura sanda gaba har ƙarshe. Jirgin ya tsaya cak a sama, ya karkata, ya zubo, ya ɗan farfaɗo, ya sake ɗaga kai, sannan ya juya ya nufi ganuwa. Ƙarar da ya yi ba ta da girma. Kamar an taka busasshiyar ƙwarya ne. Abin da ya fi ƙarfi shi ne shirun da ya biyo baya. Daga baya na ji cewa Inna tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu, tana bin kukan injin da kunne har ya yanke.

Mu biyu muka fara isa. Injin ya tsage, na'urorin sun tarwatse a gindin ganuwa. Yaya ya ɗaga wutsiyar, wadda ita kaɗai ta rage da siffarta, sai ya tsaya. A ƙasanta, inda yadin ya yage, akwai wani ɗinki da ba nasa ba, ƙanana-ƙanana, irin na mai ƙulla bakin zane. Ya sa yatsa ya zaro wata 'yar laya, sabuwa, an ɗinke ta cikin jar fata. Nauyinta bai wuce na goro ɗaya ba. Amma goro ɗaya a can ƙarshen wutsiya ya isa. Muka dubi juna. Duk mun san ɗinkin. Ya dunƙule ta a hannu, ya zura a aljihu kafin mutane su iso.

Baba ya zo ya tsaya a kan tarkacen. Shi ma mai sana'ar hannu ne, ya san aikin da aka zuba a ciki, kuma na ga abin ya taɓa shi. Ya ce, "An ce min ya sha tashi. In wani ne ya taɓa maka shi, ka faɗa a gaban mutanen nan. In haka ne ba a yi gwaji ba, sai a sake."

Ƙofa ce ya buɗe masa, kuma kowa ya ji. Ticha zai iya nemo wani injin ko da daɗewa. Kalma ɗaya ake bukata. Amma kalmar tana nufin a ce, a gaban dattawan unguwa, matar Malam ce ta kayar da jirgin ɗanta, labarin ya shiga gidaje kafin azahar, ita kuma ta rayu da shi. Yaya ya durƙusa.

"Ba wanda ya taɓa, Baba. Lissafina ne bai yi daidai ba."

Washegari ya zauna a tabarma. Da yake ɗa ɗaya ya zauna, sai aka bar ɗayan ya ci gaba da karatu, har na kai inda na kai. Ban roƙa ba, shi ma bai taɓa yi min gori ba, amma na san a kan me na taka. Ya zama gwanin da ya wuce Baba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi dariya kamar kowa. Abu ɗaya ne bai canja ba: in jirgi ya wuce, allurar kan tsaya.

Bayan rasuwar Baba, tsufa ya sassauta kunyar Inna, har ta kan bar Yaya ya zauna a ɗakinta, ko da yake har ta mutu da ni take magana in tana nufin shi. Wata rana muna zaune jirgi ya wuce, sai ta ce, "Wancan ya sha wahala a kan abin nan nasa. Ni ma na yi iya yina. Har wurin kawunku na aika ya rubuta laya, na kai wa baduku ya rufe. Na duba gaban jirgin, duk mai ne da wuta, na ce sunan Allah ba zai zauna cikin ƙazanta ba. Sai na sa ta can baya inda yake da tsabta. Amma abin da Allah bai nufa ba, ba ya yiwuwa."

Na kasa ɗaga kai. Yaya ya ce, cikin muryar da yake tambayar farashin zare, "Ka ce mata ai layar ta yi aiki. Mutane cike da fili, bai faɗa kan kowa ba."

Inna ta yi murmushi ta ce, "Haka ne kuma. Alhamdu lillahi."

Sau ɗaya tak ya yi min maganar, a hanyarmu ta dawowa daga kai Inna makwancinta. Muna tafe a gefen abin da ya rage na ganuwa, ya ce, "Ka san da ta tambaye ni, da na nuna mata wurin. Ƙarƙashin fiffike, daidai ɗigon tawadar nan. A nan ko laya uku ka sa ba abin da zai same shi." Ya yi 'yan taku. "Amma ta yaya za ta tambaye ni?" Muka ci gaba da tafiya.

Ni na yi masa wanka da ya rasu. A damtsensa na hagu na tarar da layar, fatar ta yi baƙi ta yi santsi, igiyar kuwa sabuwa ce, alamar ya sha canja ta. Matarsa ta ce tun da ta san shi take ganin ta, ta ɗauka maganin ciwon kafaɗa ne irin na masu ɗinki. Na kwance na sa a aljihu.

Jiya da hantsi muka tafi gindin Kufena ni da jikarsa, don can ne kaɗai sauran fili, shi ma gine-gine sun soma leƙo shi. A hanya na ba ta labarin nan duka. Ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Da muka isa ta yi shirinta, kuma na yi mamakin yadda jerin bai canja ba: ta duba ɗaurin fiffike, ta kunna na hannu kafin na ciki, ta gwada dama da hagu, ta yi nisa ina ɗaga mata hula. Ta ciro waya za ta duba inda iska ke kaɗawa. Na ce ta mayar. Na farke bakin wani tsohon matashin Inna tun a gida, na zo da ɗan abin da ke ciki. Audugar ta yi ja don tsufa, amma da na sake ta, ta tashi.

Sannan na ciro layar. Na riƙe ta a tafin hannu. Malamai da yawa yanzu ba sa son laya, ita ma yarinyar ban taɓa ganin ta da ita ba, kuma aikin karatunta ne, ba nawa ba. Ta dube ta, ta dube ni.

"A ina ya ce?"

"Ƙarƙashin fiffike. Inda kike sa yatsa."

Ta buɗe cikin jirgin, ta kwantar da ita daidai wurin, ta manne ta yadda ba za ta motsa ba, ta rufe. Ta miƙo min.

"Auna, Kaka. Ba mai jiran mu."

Rana ta yi zafi, ƙafafuna suna ciwo, kuma ni ne dattijon da ke tsaye a fili yanzu. Na ce mata ko za mu kai azahar ba inda za ni. Na sa yatsa a ƙarƙashin kowane fiffike na ɗaga. Jirgin ya yi lilo kaɗan, ya tsaya, sannan ya sunkuyar da hanci kamar mai gaisuwa.